Asta: Furen Da Ke Jiran Kaka

Manomin dawa ya san cewa dawar gida ba ta fid da kai don an ƙosa, sai dare ya fara tsawo a ƙarshen damina. To, a gabashin Amurka da Kanada, inda 'yan'uwanmu da dama suke zaune yanzu, akwai wani fure mai irin wannan hali. Sunansa asta, wato tauraro da harshen Girkanci.

Asta ɗan ƙasa ne a can. Dangin furen rana ne, launinsa shunayya, tsakiyarsa rawaya. Wanda ake yi wa laƙabi da na New England yakan wuce mita 1 a tsayi. Yana buɗewa daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da yawancin furanni sun riga sun bushe.

Wannan jinkiri shi ne amfaninsa. Ƙudan zuma suna tara abincin hunturu daga jikinsa. Haka kuma malam-buɗe-littafin nan mai suna monak, wanda ke tashi daga Kanada zuwa duwatsun Meksiko, tafiyar wajen kilomita 4,000, yana yada zango a kansa ya sha ruwan fure. Yawan monak ya ragu ƙwarai tun shekarun 1990, kuma ɗaya daga cikin dalilai shi ne an share ciyayin da yake dogara da su. Shi ya sa masu lambu suka koma shuka abin da a da suke ɗauka ciyawar bakin hanya ce.

Ga yadda ake renonsa. A zaɓi wurin da rana ke bugawa sosai, a bar kamar rabin mita ko fiye tsakanin tushe da tushe don iska ta ratsa, domin cunkoso na kawo farar fumfuna a ganye. Kada a cika masa taki, sai ya yi tsawo ya kife. A watan Yuni a datse kansa, zai yi rassa da yawa, furen ya ninka. Amma daga tsakiyar Yuli a janye wuƙa, in ba haka ba an yanke furen bana. Bayan shekara 3 a tone saiwar idan sanyi ya wuce, a raba, a dasa, a ba maƙwabci saura. Mai son shuka iri ya zuba shi da kaka, don sanyin hunturu yana taimaka masa ya tsiro. Busassun kawunan kuwa a bar wa tsuntsaye.

Mu a nan ba mu da hunturun ƙanƙara, don haka asta ba zai ji daɗin ƙasarmu ba. Amma masu 'ya'ya ko ƙanne a New York ko Toronto, ku isar masu da saƙo: ko 'yar ƙasar bayan gida ta isa tushe biyu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.