Jijjigar Mai Juna Biyu: Tsakanin Ruƙiya da Asibiti

A Nahuce, idan mai juna biyu ta faɗi tana jijjiga, sau da yawa mu malamai ake fara nema, wai iska ce. Addu'a ba ma barin ta, amma galibi hawan jini ne. Bayan mako 20 da shigar ciki, awon jinin mace kan kai 140/90 ba ta sani ba. Jinin da ke isa mabiyiya ya ragu, jariri ya tsumbure ko a haife shi bakwaini, uwa kuma ƙodarta da ƙwaƙwalwarta su taɓu.

Matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, kumburin fuska: a kai ta asibiti a daren, ko da sai an dangana da Gusau. Akwai allurar tsayar da jijjigar. Izinin zuwa awo da kuɗin mota kuwa, suna hannun magidantan da ke bin mu salla.