Yadda Baligi Ke Neman Ingantaccen Koyarwa Kafin Shiga Katolika

A birnin Greensboro da ke Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda 'yan Afirka da dama, har da mutanen Nijar, suka yi zaune, akwai wani babban titi da ake kira Gate City Boulevard. Kusa da shi akwai majami'ar St. Mary, wadda aka kafa a 1928 domin baƙar fata mabiya ɗarikar Katolika. Baligin da ya zo wurin yana neman shiga ɗarikar, ba a yi masa baftisma nan take. Sai an sa shi a hanyar koyo tukuna, kuma hanyar nan ɗaya ce, ko a Amurka ko a Kano ko a Maraɗi.

Dalili kuwa shi ne, sauya addini ga babban mutum ba ƙaramin al'amari ba ne, domin yakan taɓa aure da zumunci. Wanda ya shiga da gurguwar fahimta yakan yi da-na-sani.

Tsarin dai tsoho ne, tun ƙarnonin farko na Kiristanci, amma ya shuɗe. Limaman mishan na Kadinal Lavigerie suka raya shi a Afirka a ƙarshen ƙarni na 19, inda mai neman shiga yakan shekara huɗu yana koyo. A 1963 babban taron Vatikan na biyu ya ba da umurni a maido da shi ko'ina, aka fito da littafin ƙa'idodinsa a 1972, sa'an nan ya zama tilas a Amurka a 1988.

Matakai huɗu ne. Da fari akwai lokacin tambayoyi, wanda babu wani alkawari a cikinsa. Na biyu shi ne karatu sosai, na Littafi Mai Tsarki da addu'a da halin zama da mutane. A Amurka ana son ya kai shekara guda. Na uku yana farawa a Lahadin farko ta Azumi, sa'ad da bishop ke karɓar sunayen masu koyo, har zuwa daren Ista, lokacin baftisma. Na huɗu kuwa ƙarin bayani ne har ranar Fentikos. Wanda aka riga aka yi wa baftisma ingantacciya a wata ɗarika, ba a sake yi masa.

To, ta yaya za a gane koyarwa ta gari? Da farko, majami'ar ta kasance ƙarƙashin bishop mai bin Paparoma, kamar yadda Greensboro ke ƙarƙashin Bishop na Charlotte, gama akwai ƙungiyoyi masu amsa sunan Katolika alhali kuwa sun ware. Na biyu, abin da malami ke faɗi ya dace da littafin Katikizim da Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1992, wanda kowa ke iya dubawa. Na uku, a haɗa mai koyo da wani dattijon kirki da zai tsaya masa, abin da wa'azin intanet ba ya bayarwa. Na huɗu, kada a tilasta, kada kuma a yi kwaɗaitarwa da abin duniya. Dokar Ikilisiya ta hana tilas.

A ƙasar Hausa, yawancin aikin nan yana wuyan katikis, watau malamin da ba fada ba ne, musamman a ƙauyukan Maguzawa, kuma akwai makarantar horar da su a Malumfashi. Malamin kirki, a can ko a Greensboro, ba ya jin haushin tambaya, ba ya kuma gaggauta ɗalibi. Sannu ba ta hana zuwa.