Kano: Amana tsakanin iyaye Musulmi da makarantun Mishan

Wasu iyaye Musulmi daga cikin birnin Kano sun daɗe suna kai 'ya'yansu makarantun da Kiristoci ke gudanarwa a bayan ganuwa, a unguwanni irin su Sabon Gari da Bompai. Abin da ke jan su shi ne ingancin karatu da horo. Abin da ke riƙe da wannan hulɗa kuwa shi ne amana, wadda aka ɗauki shekaru ana ginawa.

Tarihin rashin yarda

A shekarar 1900, wata tawagar 'yan Mishan ta ƙungiyar CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano da niyyar kafa makaranta da wurin shan magani. Sarkin Kano Aliyu Babba bai amince ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar garin.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki a harkar addinin Musulunci ba. Wannan ne ya sa aka taƙaita ayyukan Mishan a masarautu, kuma a Kano majami'u da makarantunsu suka tsaya a wajen birni.

Ko makarantar boko ta gwamnati da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, sai da ta sha zargi, domin shi kansa ya fara shigowa ƙasar ne a matsayin ɗan Mishan. Hankalin iyaye ya fara kwanciya ne da suka ga ana karantarwa da Hausa, kuma malaman Musulunci ne ke koyar da Larabci da addini, kamar yadda aka alkawarta.

A Zariya, makarantar Dokta Walter Miller ta zauna a cikin birni, wasu daga cikin ɗalibanta kuma suka karɓi Kiristanci, kafin a mayar da Mishan ɗin Wusasa a 1929. Labarin ya daɗe a zukatan iyaye a faɗin Arewa.

A 1948 ne 'yan Sista na ƙungiyar St Louis suka zo Kano daga ƙasar Ireland. Makarantarsu ta 'yan mata da ke Bompai ta yaye ɗalibai Musulmi da Kirista masu yawa.

Abin da doka ta ce

Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana tilasta wa ɗalibi ɗaukar darasin wani addini, ko shiga ibadarsa, idan ba addininsa ba ne ko ba wanda iyayensa suka amince da shi ba.

Sai dai sashen ya kuma ba kowace al'ummar addini 'yancin koya wa 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta.

Wato makarantar Kirista ba ta yi laifi ba idan ta yi addu'o'inta, haka uba Musulmi bai yi laifi ba idan ya ce kada a sa ɗansa a ciki. Doka ta shata iyaka, amma ba ta zama a aji. Abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar makaranta ya dogara ne ga gaskiyar malami.

Hakkin da ke kan makaranta

Mafi yawan saɓani na tasowa ne daga abin da ba a faɗa ba ranar ɗaukar ɗalibi. Akwai tambayoyin da ya kamata a amsa tun a ranar: Yaya ake gudanar da taron safe? Akwai malamin darasin addinin Musulunci? Ina ɗalibi zai yi sallar Azahar? Me dokar makaranta ta ce game da hijabi, da azumin Ramadan, da tashi ranar Juma'a?

Makarantar da ta ce ba za ta iya wani abu ba, ta ba uba damar ya nemi wata. Wadda ta amsa da baki don kada kuɗin makaranta ya wuce ta, sannan ta saɓa, ita ce ke farfaɗo da tsohon zargi. A garin da ya ga tarzomar Oktoban 1991 kan ziyarar mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, jita-jita kan addinin yaro ba ƙaramin abu ba ce.

Haka nan takardar sakamako amana ce. Malamin da ya ƙara wa yaro maki don faranta wa iyaye rai, ya ɓoye musu ciwon da ya kamata a yi wa magani tun da wuri.

Hakkin da ke kan iyaye

Gaskiya ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Akwai iyayen da ke rage shekarun yaro, ko su ɓoye rashin lafiyarsa, ko dalilin da ya sa ya bar makarantarsa ta baya. Akwai masu sa hannu a dokokin makaranta ba tare da sun karanta ba, daga baya su zo da ƙorafi.

Mafi muni shi ne neman a "taimaka" wa yaro a jarrabawar WAEC ko NECO, abin da dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta mai da laifi. Uban da ya roƙi malami ya yi ha'inci a kan maki, da wuya ya samu bakin tuhumar malamin idan ya ci amana a wani fannin.

Taron iyaye da malamai shi ne wurin da ya dace a warware irin waɗannan batutuwa, kafin su zama zancen majalisa.

Addinan biyu sun haɗu a kan haramcin ƙarya da cin amana. Yaro kuma yana kallon ɓangarorin biyu, kuma abin da ya ga mahaifinsa da malaminsa suna yi wa juna, shi zai ɗauka a matsayin darasi. Hausawa dai na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.