Ƙurar Dutse da Huhun Mai Fasa Shi

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gine-gine suka yawaita, har mutane da dama suka dogara ga fasa dutse domin neman halaliyarsu, alhali sana'ar tana tafe da illa ɓoyayya.

Idan guduma ta sauka kan dutse, ko inji ya niƙa shi, wata ƙura mai tsananin laushi takan tashi, wadda in an shaƙe ta sai ta zarce cikin huhu ta maƙale, jiki ya yi ta yaƙi da ita har wurin ya zama tabo mai tauri. Galibi sai bayan shekara 10 ko 20 alamu ke bayyana: tari mai naci, da haki, da rama, ga kuma saurin kamuwa da tarin fuka.

Tun da yake tabon ba ya warkewa, rigakafi shi ne maslaha: a jiƙa dutse da ruwa, a sa takunkumi mai tace ƙura, domin ƙyalle ba ya tare ta. Wanda tarinsa ya daɗe kuwa, wajibi ne ya nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a ɗauki hoton ƙirjinsa.