Husufin da ya auna Fuluto

A 1978 James Christy, masanin taurari a cibiyar nazarin sararin samaniya ta sojan ruwan Amurka, ya lura da wani ɗan ƙullutu a gefen hoton Fuluto, wanda yake sauya wuri duk bayan kwana shida da 'yan awoyi. Ashe wata ne. Aka raɗa masa suna Sharon. To amma a madubin hangen nesa na wancan zamani su biyun a cure suke, ɗigon haske ɗaya tak. Ta yaya za a auna abin da ba a iya rabewa?

Sa'a ce ta yi aiki. Fuluto kan shekara 248 kafin ya zagaye rana, kuma sau biyu kacal a cikin wannan doguwar tafiya hanyar Sharon take daidaita da inda muke, har ɗaya ya riƙa gittawa ta gaban ɗaya. Lokacin ya faɗo tsakanin 1985 da 1990. Da Christy ya makara da shekara goma sha biyu, da sai jikokin jikoki.

A Fabrairun 1985 Richard Binzel ya ga hasken ɗigon nan ya ɗan dusashe daga cibiyar McDonald da ke Texas, David Tholen kuma ya tabbatar daga dutsen Mauna Kea a Hawaii. Aikin kuwa na haƙuri ne: a zauna dare guda ana ƙirga haske, a rubuta sa'ad da ya fara raguwa da sa'ad da ya dawo. Tunda an san gudun Sharon, tsawon husufin shi zai faɗi girman kowannensu. Lissafi ya ba da faɗin Fuluto kimanin kilomita 2,300, Sharon kuwa wajen 1,200.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar ɗebewa. Idan Sharon ya ɓuya a baya, hasken Fuluto kaɗai ake gani. A ɗebe shi daga hasken su biyun, saura na Sharon ne. Ta haka aka gano a 1987 cewa ƙanƙarar ruwa ce ta lulluɓe Sharon, alhali ta iskar mitan ce a kan Fuluto. Har taswirar wurare masu haske da masu duhu aka zana daga yadda Sharon yake rufe fuskar Fuluto kaɗan-kaɗan.

Da kumbon New Horizons ya wuce ta wurin ranar 14 ga Yulin 2015, ya auna kilomita 2,377 da 1,212. Husufi na gaba sai bayan shekara ta 2100.