Tarihin Da Garma Ta Rubuta A Kan Tuddan Ingila

Kwanakin baya, ana tsakiyar darasi, wani ɗalibina ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mutanen da ba su bar rubutu ba, ta ina za a san tarihinsu?" Na ba shi amsa a gurguje saboda lokaci ya ƙure, amma tambayar ta bi ni har gida. Da na zauna na yi nazari, sai na ga amsar da ta fi gamsarwa tana shimfiɗe a kan tuddan kudancin Ingila, inda manoman da suka rayu tun kafin rubutu ya isa tsibirin suka bar aikin hannunsu a jikin ƙasa, ga shi nan har yau ciyawa ta lulluɓe shi.

Duk wanda ya san ganuwa da gwalalo ba zai ga baƙon abu a wurin ba. A haƙa rami mai zurfi kewaye da gari, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen ciki, sai a sami kariya biyu da aiki ɗaya. Wani kundi da masana suka fitar a 2017 ya ƙirga tuddai masu irin wannan ganuwa sama da 4,000 a Birtaniya da Ailan. Wanda ya fi shahara shi ne Maiden Castle, kusa da garin Dorchester a yankin Dorset. An fara haƙa ramuka a kan wannan tudu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, tun ana aiki da ƙahon barewa a madadin diga. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka kewaye shi da ganuwa, daga baya aka faɗaɗa shi har ya kai kadada 19, aka jera ganuwa bayan ganuwa, aka murɗa hanyoyin shiga ta yadda baƙo sai ya yi ta kewaye kafin ya iske ƙofa. Da yake ƙasar wurin alli ce, lokacin da aikin yake sabo fari fat ake hango shi daga nesa.

Sir Mortimer Wheeler ya yi tono a wurin daga 1934 zuwa 1937. Ya sami tarin duwatsun majajjawa sama da 20,000 a rami guda, ya kuma sami kaburbura, ciki har da na wani mutum da kan mashi ya kafe masa a ƙashin baya. Daga nan ya tsara labarin gumurzun da aka yi sa'ad da rundunar Rumawa ta mamaye ƙasar bayan shekara ta 43 Miladiyya. Labarin ya yi farin jini, domin ɗan Adam yana son labarin yaƙi. Amma masu binciken da suka biyo bayansa, musamman Niall Sharples wanda ya sake tono a 1985 da 1986, sun nuna shakkar a ce yaƙi guda ne ya cika wannan maƙabarta. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne abin da ya cika cikin ganuwar: gidaje masu siffar bukka, da ɗimbin ramukan ajiyar hatsi.

Waɗannan ramuka su ne rumbunansu. A haƙa rami a cikin alli, a cika shi da alkama ko sha'ir, a liƙe bakinsa da yumɓu. Hatsin da ke jikin bango sai ya fara tsiro, ya shanye iskar da ke ciki, sauran kuma ya zauna lafiya har wata shekara. Peter Reynolds ya gwada wannan dabara a gonar gwaji ta Butser tun daga shekarun 1970, ta kuma yi aiki. To, rumbu ba ya cika da kansa. Tambayar da ta kamata mai karatu ya yi ita ce, ina gonakin?

Gonakin suna nan a gangaren tuddan, sai dai ba sa ɗaukar ido kamar ganuwa. Idan aka daɗe ana noma a gangare, garma tana sassauta ƙasa, ruwan sama yana tura ta ƙasa-ƙasa, har ta taru a iyakar gona inda shinge ko jerin duwatsu ya tare ta. Ta sama kuwa ƙasar sai ta yi ta zaizayewa. Bayan ɗaruruwan damuna, sai gangaren ya koma hawa-hawa kamar matakala, wani wurin ma tudun iyakar ya fi tsayin mutum. Babu wanda ya zauna ya gina shi, noman kaka da kakanni ne ya tara shi. Gonakin ƙanana ne, galibi ba su wuce rabin kadada ba, kuma kusan murabba'i suke. Dalili kuwa shi ne garmar katako da shanunsu ke ja ba ta juya ƙasa, tsaga ta kawai take yi, don haka sai an bi gona a tsaye an sake bin ta a kwance.

Ido daga ƙasa ba ya iya haɗa wannan zane. O. G. S. Crawford ne ya nuna a 1923 cewa hoton da aka ɗauka daga jirgin sama, musamman da hantsi ko da la'asar sa'ad da inuwa ta miƙe, yana fito da iyakokin gonakin tiryan-tiryan. Ya laƙaba musu sunan gonakin Celtawa, amma bincike ya nuna da yawansu sun girmi wannan suna, tun zamanin tagulla aka shata su. A tsaunin Dartmoor da ke kudu maso yammacin Ingila, Andrew Fleming ya bi sawun wasu gajerun katangun dutse da ƙasa a shekarun 1970, ya tarar sun kai kimanin shekara 3,500, sun miƙe kafaɗa da kafaɗa na tsawon kilomitoci, suna tsallake kwari da rafi ba su karkace ba.

A nan ne amsar ɗalibina take. Mutum ɗaya ba ya shata iyakar da ta ratsa kwari uku. Sai an yi shawara, an amince da wanda zai raba, an fito aikin gayya, an kuma yarda cewa abin da aka shata yau zai ɗaure 'ya'ya da jikoki. Wanda ya taɓa zama a gaban mai gari ana shari'ar kan iyaka saboda an tuge gamba, ya san cewa iyakar gona doka ce, ko da ba a rubuta ta ba. Ganuwa tana gaya mana abin da mutane suke tsoro da abin da suke alfahari da shi. Iyakar gona kuwa tana gaya mana yadda suka ci abinci, yadda suka yi gado, da yadda suka zauna da maƙwabta. A ganina ita ce shaidar da ta fi daraja, kuma ita ce ta fi saurin salwanta.

Abin da ya kiyaye gonakin nan shekaru dubbai shi ne kiwon tumaki, domin ciyawa tana riƙe ƙasa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Birtaniya ta shiga matsin abinci, aka saki tarakta a kan makiyayar tuddai, aka ci gaba da haka bayan yaƙin. Abin da ya jure shekara 3,000 sai ya baje cikin damuna kaɗan. Ƙasar tana da dokar kare wuraren tarihi tun 1882, amma hankalin hukuma ya fi karkata ga manyan abubuwan da ake gani, gonaki kuwa suka faɗa ta baya. Abin mamaki, inda suka fi tsira shi ne filin Salisbury, wanda sojoji suka fara saye a 1897 don atisaye. Da yake an hana noma mai zurfi a mafi yawansa, sai iyakokin gonakin suka wanzu.

Ban kawo wannan labari don mu yi wa Turawa jaje ba. Ganuwar Kano, wadda tarihin sarakunan birnin ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a tsakanin 1095 da 1134, da wannan dabarar ta haƙa rami a tara ƙasa aka yi ta, kuma kowa yana ganin yadda ake yankar ta ana dasa shaguna. A Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa akwai gonaki masu hawa-hawa a jikin tsauni, waɗanda suna cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sanya wurin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, na farko a Nijeriya. Idan ganuwar da take tsakiyar birni, mai suna da tarihi, tana shan wannan wulaƙanci, me ake tsammani zai sami kufan da ke bayan gari, da tsofaffin iyakokin gonakin da ke kewaye da su?

Shawarata ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Sassan tarihi da na nazarin ƙasa a jami'o'inmu su tura ɗalibai ƙauyukansu, su duba hotunan tauraron ɗan Adam da ke cikin wayoyinsu, su auna abin da suka gani, su zauna da dattawa su rubuta sunan kowane kufai da abin da aka sani game da shi. A miƙa wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masarautu kwafi, domin a san inda ba a kai buldoza ba. Rigakafi ya fi magani, nan kuwa babu ma maganin, don tudun da aka baje ba ya sake tashi. Shi kuwa ɗalibin nawa, na riga na ba shi aikin hutu: ya je garinsu, ya nemi tsohon da ya fi kowa sanin iyakokin gonaki, ya bi shi a baya da littafi da biro.