Ka Sa Filashi Kwamfuta Ta Yi Shiru? Mu Tattauna Kan AutoPlay

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar filashi da faifai za mu yi. Ka soka filashi a laftof, kana jiran ɗan akwatin nan ya fito ya tambaye ka me za a yi da shi, sai ka ji tsit. Wasu nan take su ce filashin ya mutu. To, a dakata tukuna.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai AutoRun, wanda ya zo da Windows 95: kana sa faifai, kwamfuta ta karanta wani ɗan fayil mai suna autorun.inf, ta kunna manhajar da ya ce, ba tare da ta tambaye ka ba. Sai AutoPlay, shi kuwa tambayarka yake yi: in buɗe folda, in kunna bidiyo, ko in ƙyale?

Na farkon ne ya jawo bala'i. Masu haɗa bairos suka gano cewa filashi hanya ce mai sauƙi, kuma tana cikin hanyoyin da Conficker, wanda ya ɓulla a 2008, ya bi ya shiga miliyoyin kwamfutoci. Shi ya sa daga Windows 7, a 2009, Microsoft ya hana AutoRun aiki a kan filashi, a 2011 kuma ya tura wannan gyaran zuwa XP da Vista. Ka ga kenan wani shirun da gangan aka yi shi, don kare ka.

Yanzu ga yadda ake kunna AutoPlay. A Windows 11, shiga Settings, sai Bluetooth & devices, sai AutoPlay. A Windows 10 kuma Devices za ka shiga. Ka kunna maɓallin da ke sama, sannan ka zaɓi abin da kake so ya faru in an sa filashi ko memori. Ni shawarata, ka zaɓi Ask me every time, wato ta riƙa tambayarka kowane lokaci.

In ka kunna bai yi ba fa? Bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, duba sanarwa. Akwatin AutoPlay a matsayin sanarwa yake fitowa, to in ka kunna Do not disturb ko Focus assist, ba za ka gan shi ba.

Na biyu, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta services.msc, ka nemo Shell Hardware Detection. Shi ke lura da cewa an sa sabon abu. In a tsaye yake, tashe shi, ka mayar da shi Automatic.

Na uku, je Control Panel, buɗe AutoPlay, can ƙasa ka danna Reset all defaults.

Na huɗu, in filashin bai bayyana ko a File Explorer ba, matsalar ba ta AutoPlay ba ce. Canza rami, ko ka rubuta diskmgmt.msc ka ga ko harafi ne ba a ba shi ba. In kwamfuta ta ce ka yi fomat, don Allah kar ka yi gaggawa, duk abin da ke ciki zai tafi.

Faifan fim na DVD kuwa, tun daga Windows 8 aka cire manhajar da ke kunna shi. Sauke VLC, kyauta ce. In kuma kwamfutar ofis ce ko ta makaranta, wataƙila masu kula da ita ne suka rufe, sai ka yi musu magana.

Sai jan kunne, musamman ga ɗalibai masu kai furojet shagon firintin. Filashin da ya zaga kwamfuta goma, kar ka buɗe shi kai tsaye. Danna shi da maɓallin dama ka bincike shi da Microsoft Defender. In ka ga foldodinka sun koma masu ɗan kibiya a gefe, kar ka taɓa su, bairos ne ya ɓoye na ainihin. Kuma ka ajiye kwafin aikinka a wani wurin daban, aikin shekara guda bai kamata ya kwana a filashi ɗaya ba.

Ku tura wa abokanku da ke fama da wannan matsalar. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.